Gwangwanin Tsakuwar Baba Direba

Tun da na dawo daga karatu, iyaye a unguwarmu suka ɗauka na zo da wata fitila da ake haska gobe da ita. Kowa sai ya turo mini ɗansa ko 'yarsa da takardar sakamako a hannu, wai a duba abin da ya kamata su karanta a jami'a. Nakan karɓi takardar, in juya ta gaba da baya, in yi gyaran murya, amma a raina ba ni da wani tabbas. Ni kaina shekara biyar na yi ina karanta abu ɗaya, na dawo ina cin abinci da wani abu daban. Wanda ya fi mu ƙoƙari a ajinmu na can, yanzu kaji yake kiwo, kuma ya fi mu duka walwala. To da wane baki zan gaya wa yarinya 'yar shekara sha bakwai ga hanyar da za ta ɓulle?

Maƙwabcina, wanda kowa ke kira Baba Direba, bai taɓa fama da irin wannan kokwanto ba. Shi yana da ma'auninsa, kuma shekara ashirin da shida ya yi yana gwada shi.

Da babbar motar ɗaukar siminti ya fara tuƙi. Ya yi shekaru yana kwana a hanya, har bayansa ya fara ƙorafi, matarsa ma ta fara. Sai Allah ya kawo masa aikin tuƙa bas ɗin ma'aikatan jami'a, doguwar mota fara mai kujera talatin da biyu. Bakwai saura ashirin yake tayar da ita, ya tsaya a wurare biyar, ya wuce ta wani tudu da aka yanka biyu aka fitar da titi ta tsakiyarsa, bakwai da rabi ya shiga ƙofar jami'a. Ƙarfe huɗu da rabi ya kwaso su ya mayar. Bai yarda kowa ya share masa mota ba. Da yamma shi ke shiga da tsintsiyarsa, ya bi ƙarƙashin kujeru ɗaya bayan ɗaya, ya goge madubin ciki da gefen rigarsa. Wannan madubin shi ne ajinsa, nan ya yi duk karatun da ya yi.

"Ba ruwana da abin da suke rubutawa a allo," yakan ce. "Ni dai na san ranar da mutum ya fara shiga motata, na kuma san ranar da ya daina."

Ma'aunin ke nan. Sabon malami zai zo da riga ɗaya ta kirki da jaka a hammata, ya zauna a baya yana gaishe da kowa. Baba sai ya fara ƙirga masa shekaru, har zuwa safiyar da zai ji an danna masa ham daga gefe, ya waiga ya ga mutumin a motar kansa yana ɗaga hannu. Malaman shari'a, shekara biyu, in ta yi yawa uku. Na sashen akanta, uku. Likitoci ba sa ma shiga, sai in tasu tana gareji, su ɗosana a bakin kujera kamar za ta shafa musu ciwo. Injiniyoyi suna saya da wuri, amma duk mako suna dawowa, saboda da hannunsu suke kwance ta su kasa mayarwa. Malaman tarihi kuwa sai ritaya ta raba, suna ta gardama a kan mutanen da suka daɗe da mutuwa. Na lissafi ba a sanin ko suna da mota, domin ko inda za su sauka mantawa suke yi.

A can ƙasan jerin akwai mutum ɗaya, malamin sashen ilimin duwatsu, wanda Baba ya laƙaba wa Mai Guduma saboda wata 'yar guduma mai tsini da ke leƙowa daga jakarsa kullum. Shekara sha tara yana shiga bas ɗin. Kujerarsa ɗaya, layi na huɗu, bakin taga ta hagu. Takalmansa manya ne, kullum da busasshen taɓo. Aljihunsa ya zazzago saboda nauyi, kuma duk ranar da Baba ya yi shara sai ya tarar da tsakuwa a ƙarƙashin wannan kujerar. Waɗanda suka yi kyau, masu ƙyalli ko masu launi, ba ya zubarwa. Yakan jefa su a wani tsohon gwangwanin madara ya kai wa ƙaramar 'yarsa ta yi wasa. Mutumin kirki ne Mai Guduma, yana gaisuwa har da tambayar iyali, amma Baba tausayinsa yake ji. Digiri uku, ko babur babu.

Da wannan ma'auni Baba ya zaɓa wa babban ɗansa shari'a, kuma ga shi nan lauya ne, yana da 'yar motarsa. Da shi ya zaɓa wa 'ya'yan maƙwabta da dama. Waɗanda abin ya yi wa daidai suna zuwa godiya, waɗanda bai yi wa ba ba sa zuwa, don haka a iya sanin Baba, ma'aunin bai taɓa kuskure ba. Ya yi ritaya da martabarsa, ya koma zama a benci a ƙofar gida, yana ba da shawara kyauta ga wanda ya nema da wanda bai nema ba.

Sai sakamakon Auta ya fito, ƙaramar 'yar tasa, mai gwangwani. Ta ci darussan kimiyya gaba ɗaya, ci mai kyau. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu za a rufe cike fom ɗin neman shiga jami'a, kuma abin da aka rubuta a gurbin zaɓi na farko shi ne abin da za ta rayu da shi shekara huɗu, wataƙila har ƙarshen rayuwa. Ranar Talata da safe ta same shi a tsakar gida yana shan shayi. Innarta tana gefe tana ninke wanki.

"Baba, na zaɓa."

"Madalla da 'yar albarka. Likitanci ko haɗa magunguna?"

"Ilimin duwatsu."

Baba ya ajiye kofin a hankali, kamar mai tsayar da mota a gangare.

"Ilimin me?"

"Duwatsu, Baba. Da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Su ne ke gano inda ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Ko titi za a yi, ko gada, sai an kira su."

"Sashen su Mai Guduma?"

"Shi."

"Innar yara, zo ki ji 'yarki."

"Ina ji daga nan," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Jiya da sakamako ya fito 'yarka ce. Yau da ta kwaso duwatsu ta zama tawa."

Baba ya gyara zama ya yi wa Auta bayani dalla-dalla, da muryar da yake yi wa 'ya'yan maƙwabta. Ya faɗi layi na huɗu, ya faɗi takalman, ya faɗi shekara sha tara. Ya ce mai haɗa magunguna yana zaune cikin inuwa, fanka na kaɗa shi, farar riga a jikinsa, kuma muddin mutane na ciwon kai ba zai rasa aiki ba. Ya ce shi bai ga wanda ya taɓa zuwa kanti ya ce a ba shi dutse ba.

"Baba, na karanta cewa ana nemansu a wurare da yawa."

"A waya kika karanta. Ni da idona na gani, a madubi, safe da yamma."

Ranar Laraba suka zo ɗakina, domin ni ke da kwamfuta. Baba ya zauna a kujera, Auta ta tsaya a bayansa ta harɗe hannu. Muka cike suna da shekaru da makarantar da ta gama. Da muka iso gurbin zaɓi na farko, Baba ya ce, "Rubuta haɗa magunguna, ɗana." Auta ta kafa wa bango ido. Ina cikin laluben abin da zan ce sai sabis ya ɗauke, shafin ya tsaya cak. Ban taɓa murna da ɗaukewar sabis ba sai ranar.

Da suka koma gida, Inna ce ta ɗauko zancen, tana yi kamar da tukunyar da take wankewa take magana.

"Malam, shekara sha tara kana ɗaukar bawan Allah nan. Ka taɓa tambayarsa me ya hana shi sayen mota?"

"Ana tambayar mutum talaucinsa?"

"Ashe ba ka sani ba ke nan."

"Na sani mana!"

"To kai ta ta gani da idonta. In ta tarar da shi yana kwana a kan dutse yana matashi da guduma, da ƙafarta za ta gudu zuwa wurin maganin naka, ba sai ka tura ta ba."

Baba ya juya maganar a ransa, ya ga ba ta da aibu. Har ma ya ji kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Abin da ya faru ranar Alhamis na ji shi daga bakin Baba, na kuma ji daga bakin Auta, kuma ba ko'ina labaran biyu suka haɗu ba. Da sassafe ya sa rigarsa ta fita, suka nufi jami'a. A bakin ƙofa masu gadi suka yi ta yi masa kirari, shi kuma yana ɗaga hannu kamar wanda ya dawo duba gonarsa. A sashen duwatsu suka tambayi Mai Guduma, sakatariya ta ce ai Dakta ya yi ritaya bara, amma yau yana can bayan gari, inda kwalta ta ƙare, kusa da wata sabuwar makarantar firamare. Mota biyu suka hau kafin su isa, Baba yana ta gyara wa direbobin tuƙi a ƙasan maƙoshi.

Tun daga nesa suka ji ƙara. A filin bayan makarantar ga wata ƙatuwar mota tsaye, an ɗaga mata dogon ƙarfe sama kamar hasumiya, bututu na juyawa yana nutsewa cikin ƙasa, farar ƙura na tashi. Mutum huɗu da hulunan kwano suna kai da kawo. A gefe kuma, ga wani dattijo a tsugune da rariya a hannu, yana tarar ɓarɓashin da ramin ke tofowa, yana jera shi ƙananan tsibi-tsibi a kan wani dogon katako. Takalman nan ne dai, ko 'yan'uwansu.

Baba ya taɓo Auta da gwiwar hannu.

"Kin gani? Ya yi ritaya, ga shi yana leburanci. Kalli da kyau, kada ki ce ban nuna miki ba."

Dattijon ya ɗago, ya ƙanƙance ido, sai ya watsar da rariyar.

"Direba! Maigidana! Wa nake gani haka?"

Ya rungume Baba, ya bar masa hoton hannu biyu na farar ƙura a bayan rigar fita. Suka ja gefe inda ƙara ta yi sauƙi, aka gaisa, aka tambayi iyali. Baba ya gabatar da Auta. Sannan ya fara kewaye-kewaye, domin har yanzu yana ganin rashin kunya ne a tambayi mutum kai tsaye.

"Dakta, wurin nan da nisa. Yanzu da babu bas, da me ake zuwa?"

"Uwargida ke kawo ni, ta dawo ta ɗauke ni."

"A ƙafa?"

"A mota mana."

"Ta aro?"

Mai Guduma ya dube shi, ya dubi Auta da ta sunkuyar da kai, sai ya gane. Ya yi dariya har sai da ya dafa kafaɗar Baba.

"Direba, ai na sayi mota tun kafin in san taka. Sau biyu na zuba ta a lambatu, kuma duka a wuri ɗaya. Ka san yankakken tudun nan na hanyarmu? In na iso wurin idona ba ya zama a titi. Karo na biyu da surukata a ciki. Ba ta ji ciwo ba, amma ta yi magana, ta yi magana, ta ƙara. Daga ranar uwargida ta karɓe makulli, ta ce in nemi wanda zai riƙa kallon hanya ni in riƙa kallon duwatsuna. Sai na samu kai. Shekara sha tara ban sake ganin cikin lambatu ba, Allah ya saka maka."

Sai Baba ya tambaye shi:

"Shi ya sa kullum taga ta hagu?"

"Da safe ɓangare ɗaya, da yamma ɗaya ɓangaren. Ai kujerar nan ta fi ofishina."

"Wannan fa?" Baba ya nuna ƙatuwar motar da haɓa. "Ta masu aikin ce?"

"Tamu ce mu uku, ni da tsofaffin ɗalibaina biyu. Ita ma ba a bari in taɓa sitiyarinta."

Baba ya tafi ya zagaye motar a hankali, hannu a baya. Ya ƙirga tayoyi, goma cif. Ya ɗan shuri ɗaya. A duk shekarunsa na ƙirga wa malamai, bai taɓa tanadar wa motar da ba ta iya shiga ƙofar jami'a gurbi ba. Ya tsaya ya kasa kunne ga injin, ya kira direbanta ya ce masa bel ɗin fanka ya saki, in bai ɗaure ba kafin Asabar zai tsinke. Wannan ya ɗan dawo masa da ƙarfinsa.

Da ya dawo ya tarar Auta ta riga ta faɗi abin da ya kawo su. Baba ya zaci mutumin zai hau zuga ta. Sai ya ji akasin haka.

"'Yata, kada motar nan ta ruɗe ki," in ji Mai Guduma. "Na yi furfura kafin ta samu, kuma takan yi wata uku a tsaye ba aiki. Ɗalibaina wasu suna hukumar ruwa, wasu suna kamfanin titi, wasu sun koma banki sun manta da mu, wasu har yau suna yawo da takardu a ambulan. Rana za ta gasa ki. Mata kaɗan ne a cikinmu, za a yi ta tambayarki ina injiniyan yake alhali ke ce a tsaye. Ranar da ta fi kowace zafi ita ce ranar da za ki ce a haƙa nan, a yi kwana uku ana haƙa, a samu ƙura, ga mutanen gari sun zo da bokitai suna kallonki. Ya faru da ni, ba sau ɗaya ba. Mai haɗa magani ba ya ganin irin wannan. Babanki bai yi ƙarya ba."

Abin da Baba ya zo nema ke nan, amma da ya same shi sai ya ji bai yi masa daɗi ba. Ya ga kafaɗun Auta sun ɗan sauka, sai ya ji haushin mutumin ya kama shi. Wa ya ce masa 'yarsa tana tsoron rana?

"To gaya mini," in ji Mai Guduma, "me ya sa kike so?"

Auta ta zuge jakarta ta ciro wani dutse ja-ja, bai kai ƙwan kaza ba. Gefe ɗaya an ɗiga masa farin fenti, an rubuta lamba arba'in da bakwai a kai.

"Tun ina ƙarama nake da gwangwani cike da su," ta ce. "Na raba su. Akwai masu karce 'yan'uwansu, akwai masu kumfa in an ɗiga musu lemon tsami. Wannan kuma ruwa yake sha. In na ɗiga masa sai ya ɓace. Tun ina shekara biyar nake son in san inda yake zuwa."

Mai Guduma bai ji ƙarshen maganar ba. Ya karɓi dutsen da hannu biyu, ya kai shi kusa da ido.

"Arba'in da bakwai," ya ce a hankali. Sai ya ɗaga murya. "Arba'in da bakwai! Shekara goma sha biyu! Na kwashe ofishina kaf, na zargi ɗalibai, na zargi mai shara, har uwargida na zarga. Sai da na koma inda na ɗauko shi, tafiyar kwana biyu, don in samo wani. A ina kika same shi?"

"Baba ne ya kawo mini."

Su biyun suka juyo. Baba ya duƙufa yana kallon wani tsuntsu da ke wucewa can sama.

"A ƙarƙashin kujera na gan shi," ya ce daga baya. "Wa ya san dutse yana da mai shi?"

"Har da lamba a jikinsa, Direba!"

"Na ɗauka haka Allah ya yi shi."

Mai Guduma ya zauna a kan wani bututu yana dariya yana share ido da bayan hannu. Da ya lafa, ya miƙa wa Auta dutsenta, ya ce ta riƙe, ai ta fi shi daɗewa da shi. Sannan ya kai ta wurin dogon katakon nan. Ya ce kowane tsibi daga zurfi daban ya fito, na farko daga sama, na ƙarshe daga inda bakin bututu yake yanzu. Ya ce ta nuna masa wanda zai sha ruwa. Auta ta tsuguna da doguwar rigarta a cikin ƙura, ta murza wannan, ta murza wancan, ta ɗiɗɗiga musu ruwa daga gorarta. Ta daɗe. Sannan ta nuna na biyun ƙarshe.

"Shi muke bi tun jiya," in ji Mai Guduma.

A labarin Baba, a daidai wannan lokacin ne ruwa ya yi tsartuwa sama ya jiƙa kowa, yaran makaranta suka fito suna ihu. Auta ta ce ruwan bai fito ba sai ranar Asabar, kuma a waya aka gaya musu. Na fi gaskata Auta, amma na fi son na Baba.

A hanyar dawowa, motar da suka hau ta biyo ta tsohuwar hanyarsa, kuma Baba yana bakin taga, abin da bai saba ba. Da suka iso yankakken tudun, ya ga Auta ta miƙa wuya ta gabansa, sai shi ma ya duba. Shekara ashirin da shida yana wucewa ta nan sau biyu a rana, idonsa a kan kwanar da ke gaba. Bangon tudun layi-layi ne, ja a sama, fari a ƙarƙashinsa, sai ruwan toka, sai wani siririn baƙi da ya lanƙwasa kamar an ninke tabarma.

"Dama haka yake?"

"Haka yake, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a yi titin. Tun kafin a yi garin ma."

Ya waiga yana kallonsa har ya ɓace.

Ranar Juma'a da hantsi suka dawo ɗakina. Sabis ya dawo. Baba ya zauna a kujerar nan, ya ɗora hula a gwiwa.

"Rubuta mata duwatsun," ya ce. "A gurbi na biyu ka sa haɗa magunguna. Ban taɓa fita da mota babu tayar safaya ba, ba kuma zan fara a kan 'yata ba."

Auta ta ce ta yarda. Ya ce bai gama ba. Sharaɗinsa shi ne, kafin ta taɓa guduma sai ta koyi tuƙi a hannunsa, kuma duk ranar da ya ga idonta ya bar titi ya koma kan wani tudu, shi da kansa zai karɓe makulli, ba sai an jira suruka ba. Da suka shiga gida na jiyo Inna ta katanga tana tambaya, "To Malam, yau 'yar wa ce?" Na kuma jiyo shi yana cewa a bar tone-tone.

Yanzu Auta tana shekara ta biyu. In ta zo hutu, manyan takalmanta na bakin ƙofa da busasshen taɓo, aljihun jakarta ya zazzago. Baba yana mita yana sharewa, amma ba ya zubar da ko tsakuwa ɗaya sai ya juya ta ya duba ko da lamba. Har yanzu yana ba da shawara a bencinsa, sai dai yanzu in ya gama jero lauyoyi da likitoci yakan ƙara da cewa a je a tambayi mai sana'ar da baki, domin akwai abin da madubi ba ya ɗaukowa. Ko Auta za ta samu aiki in ta gama, ni ban sani ba, Mai Guduma bai sani ba, Baba ma ya daina cewa ya sani.

Wata rana da la'asar ina zaune kusa da shi, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Baba, da a ce kun je kun tarar Mai Guduma ba shi da komai, ba motar uwargida, ba mai taya goma, leburancin ne da gaske. Da ka yarda?"

Ya murza wata 'yar tsakuwa tsakanin yatsunsa.

"Da ban yarda ba," ya ce. "Da na dawo gida ina cewa na faɗa. Da uwarta ta hana ni sakat. Da na tuna yadda yarinyar nan ta tsuguna a cikin ƙura da rigarta ta fita, ta manta da ni, ta manta da kowa. Da ranar Juma'a na zo ɗakinka na ce ka rubuta mata duwatsun." Ya jefa tsakuwar a aljihu. "Amma da ban yarda ba."